Jagoran Mai Yawon Ƙafa da na Keke a Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Shi dai gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya dangana da iyakar Kamaru, shi ne mafi girman gandayen dajin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe a Nijeriya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Kuma tun shekarar 1991, da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su ɗaya, duk wanda ya yi nufin shigarsa, ko a ƙafa ko a kan keke, ya zama baƙo a wurin da yake da masu shi, da dokokinsa, da lokacin da yake karɓar baƙi. Abin nufi da wannan taƙaitaccen bayani shi ne a shimfiɗa wa mai niyya sharuɗɗan tafiyar bi da bi, tun daga shirin gida har zuwa komowa. Jigon maganar kuwa ɗaya ne, shi ne cewa a irin wannan daji ƙaƙƙarfan da ba ya jin maganar jagora ya fi kowa kusa da halaka, alhali kuwa mai rauni, in dai ya san lissafin ranarsa da na ruwansa, yakan je ya komo lami lafiya.

Fasali na farko: sanin ƙasar

Ɓangaren arewa, wato Gumti, wanda ake shiga ta Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin waɗanda muka saba gani, doka da maje da kawo da madobiya. Amma ɓangaren kudu, wato Gashaka, wanda ake shiga ta Serti inda babban ofishin gandun yake, ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai da kurmi mai duhu, inda koguna irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka da Gamgam suke gangarowa su shiga Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Kuma a can ƙuryar kudu ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, wanda babu wani tsauni a Nijeriya da ya kai shi. Wannan yanki Jamusawa ne suka riƙe shi har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, kuma kufan sansaninsu yana nan kusa da ƙauyen Gashaka. Daga bisani Ingilishi suka karɓa, har aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka sa wa ƙasar suna Lardin Sardauna.

Tafiyar da ake yi a nan daraja uku ce. Ta farko ita ce ta yini ko rabin yini a kewayen ƙauyen Gashaka, zuwa kufan Jamusawa ko gurbin dorina a Mayo Kam, kuma ita ta dace da wanda bai taɓa gwadawa ba. Ta biyu ita ce ta shiga kurmi zuwa Kwano, wanda yake wajen kilomita 11 daga Gashaka in an miƙe kai tsaye, inda masana suka kafa sansanin nazarin birai tun shekarar 2000. Ta uku ita ce ta kwanaki tare da 'yan dako, zuwa tudun Chappal Hendu ko ƙolin Gangirwal, wanda da yawa daga masu hawansa sukan ɓullo masa ta Mambila, su bi ta Nguroje da Njawai. Mai hankali yakan fara da ta farko, domin a cikinta ne zai gane ko takalminsa da gwiwarsa za su ɗauki ta biyu.

Fasali na biyu: lokaci da izini

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya ɗauke, koguna suka janye, ciyawa ta kwanta. Gama damina a nan doguwa ce, tana somawa wajen Afrilu ta kai Nuwamba, ruwan da ke zuba a Kwano yakan kusanci milimita 2,000 a shekara, kuma rafin da aka tsallake da safe yana iya zama kogin da ba ya ƙetaruwa kafin la'asar. Sai dai a cikin rani ma akwai bambanci, domin a watan Maris zafin kwari yakan kai digiri 40, alhali a daren hunturu kan tudu sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, saboda duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6.

Mai tasowa daga Jalingo zai bi ta Bali ya isa Serti, kuma wajibi ne ya yi wannan tafiya da rana, bayan ya bincika halin tsaron hanya a makon da zai tashi. Da isarsa, ofishin gandu zai fara nufa, ya rubuta sunansa, ya biya abin da aka yanka, ya bayyana inda ya nufa da ranar da yake sa ran fitowa, sa'an nan a haɗa shi da malamin daji wanda zai yi masa jagora. Tun shekarar 2017 kuwa wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors tana taya Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa gudanar da wurin. Mai keke a ofishin ne zai tambayi hanyoyin da aka yarda a hau, kada ya ɗauka duk turbar da ƙafa ta bi taya ma za ta bi. Shiga ba da izini ba, laifi ne a doka, kuma ganganci ne, domin wanda ba a san ya shiga ba, ba za a fita nemansa ba.

Fasali na uku: guzuri da kaya

Ƙa'idar kaya ita ce kada nauyin jakar baya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, a sa masu nauyi a tsakiya su manne da gadon baya, abin da ake yawan bukata kuma a sama. Takalmi ya zama rufaffe mai kaushin ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi kafin azahar ya fitar da bororo. A haɗa da safa masu kauri, da dogon wando, da riga mai dogon hannu, da malafa. A guji tufafi shuɗi da baƙi, domin su ne launukan da ƙudan tsando yake bi, a nemi ruwan ƙasa ko ruwan kaki. Mai kwana a tudu kuwa ya riƙi bargo da rigar sanyi da tanti, kowa kuma ya riƙi gidan sauro, da tocila da batir na ƙari, da sanda mai ƙwari, da usur, da kamfas, domin waya takan rasa sabis da zarar an nutsa cikin kwari.

Guzuri ya zama abin da ba ya lalacewa kuma ba ya bukatar doguwar wuta: dabino, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da garin kwaki, da dakuwa, da shayi da sukari. Ruwa kuwa, lita 3 zuwa 4 ne mafi ƙarancin abin da mai tafiya yake bukata a yini, kuma ko da yake ƙoramun Gashaka garai-garai suke, ba a sha sai an tafasa ruwan ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko an jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa, domin shanu da namun daji sun riga mutum sha daga sama. Idan gumi ya yi yawa har jijiya ta soma ɗaurewa, sai a dama lita 1 ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. A cikin jakar magani a sa bandeji, da filasta, da maganin wanke ciwo, da na zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita.

Fasali na huɗu: tafiyar ƙafa

Tsarin da ya fi kyau shi ne irin na ayarin fatake na dā: jagaba a gaba, wato malamin daji, madugu wanda jama'a suka naɗa tun kafin tashi, wanda in ya ce a juya ba a musu, sa'an nan wani ƙaƙƙarfa a ƙarshen sahu, wanda ba ya barin kowa a bayansa. Mafi rauni a sa shi na biyu, domin tafiyarsa ce tafiyar ayari. Kada jama'a su gaza mutum huɗu, saboda in ɗaya ya samu rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako.

Game da lissafin lokaci, akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya tsara a 1892, cewa a ba kowace kilomita 5 sa'a 1, a ƙara sa'a 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Amma a turbar Gashaka, da saiwoyinta da duwatsunta da nauyin jaka, wanda ya ƙiyasta kilomita 3 a sa'a shi ya fi kusa da gaskiya. A tashi bayan sallar asuba da zarar ƙasa ta waye, a huta minti 10 a kowace sa'a, a yi ƙailula a inuwa daga tsakar rana zuwa azahar, kuma a tabbata an sauka zango da la'asar sakaliya, domin rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, ƙarƙashin kurmi kuwa duhu yakan riga magariba. Tun da safe a ayyana sa'ar juyawa, in ta yi a juya, ko da ƙolin dutsen yana gaban ido. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma dutse ba ya gudu.

Ƙetare rafi shi ne wurin da aka fi yin asara, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Jagora zai bi gaɓa ya nemi inda ruwa ya faɗaɗa ya yi laushi, ya bar ƙuntataccen wurin da ido yake ganin kamar ya fi kusa, ya soka sandarsa ya ji ƙasan. In ya juyo ya ce, "Malam, kwance ɗamarar jakarka," to a kwance, domin wanda ruwa ya kayar da jaka ɗaure a ƙugunsa, jakar ce za ta danne shi. Ba a cire takalmi, sai dai safa. Mutum ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya kafa sanda a gabansa, ya riƙa jan ƙafa gefe-gefe ba tare da ɗaga ta sama ba, ya tabbata ƙafa ɗaya da sanda sun kafu kafin ya motsa ɗayar, idonsa a kan gaɓar da ya nufa, domin kallon ruwa mai gudu yana kawo jiri. Idan ruwan ya kai cinya kuma yana da ƙarfi, hukuncinsa a jira ko a koma.

Fasali na biyar: tafiyar keke

Keke yana da fa'ida a hanyoyin jar ƙasa da ke kewayen Serti da wadda ta nufi ƙauyen Gashaka, da kuma shimfiɗaɗɗun tuddan Mambila. Amma a ƙuntatacciyar turbar kurmi da hawan tsauni, shi ne zai hau mai shi. Wanda ya dace shi ne mai giya, mai tayoyi masu faɗin inci 2 ko fiye da manyan haƙora, da birki gaba da baya masu kamawa. A daidaita sirdi yadda in aka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa ƙafa za ta miƙe, a ɗan rage iskar taya kaɗan daga ta kwalta domin ta kama ƙasa, a ɗaure kaya a kariya, a sa hular kwano. Kayan gyara kuwa, famfo, da tub na ƙari, da faci da sholisho, da sifana, da filaya, da man sarƙa, da wayar birki, ba a barin ko ɗaya, domin babu mai faci a cikin daji.

A wajen hawa, a sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin gangaren ya kama, domin sarƙar da aka sauya ana tsakiyar dannawa ita ce take tsinkewa. A wajen gangara, a daidaita fedoji biyu, a ɗaga daga sirdi a ja jiki baya, a matsa birki biyu tare a hankali ana saki, kada a damƙe na gaba farat ɗaya, domin shi ne yake wurga mutum ta saman kan keke. A yashi, a sassauta riƙo, a ci gaba da tuƙi kada a tsaya. In an haɗu da masu tafiya a ƙasa ko garken shanu, mai keke ne zai sauka ya ba da hanya, ya yi sallama tun daga nesa, gama shanun tudu ba su saba da abin da ke tahowa shiru da gudu ba.

Idan ƙaya ta huda taya, sai a kifa keken a inuwa, a cire ƙafar, a ɓanɓare gefe ɗaya na taya da abin ɓanɓara ko bayan cokali, a zaro tub, a hura masa iska, a riƙa zagaya shi kusa da leɓe har a ji inda iska ke tsartuwa, ko a tsoma shi a ruwa a ga kumfa. A goge wurin da samfefa ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, sa'an nan a yi haƙuri wajen minti 5 har ƙyallinsa ya dushe, domin facin da aka manna a kan ɗanyen sholisho ba ya kai zango. Sai a ɗora, a danne da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Kafin a mayar, a bi cikin taya da yatsa a hankali a zare ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba ita ce za ta sake hudawa kafin a yi taku ɗari.

Fasali na shida: namun daji da miyagun ƙwari

A wannan gandu akwai ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mazo, da gada, da gadu, da damisa, da dorina da kada a cikin gurabe, da gwaggon biri da ire-iren birai, da ɗaruruwan nau'o'in tsuntsaye. Kuma yana daga cikin manyan mafakan biri mai ganga, wanda ake jin ihunsa da dukan da yake wa saiwar itace fiye da yadda ake ganinsa. Ladabin kallo shi ne a yi shiru, kada a matsa kusa da mita 10, kada a ba dabba abinci, mai mura kuma ya nisanci birai, domin cutar ɗan Adam tana kama su. Kada a shiga tsakanin dorina da ruwa, ko tsakanin uwa da ɗanta, kuma in aka yi kiciɓis da ɓauna, a ja da baya sannu zuwa gindin itace, a bi umurnin jagora.

Maciji, kasa ce ko kububuwa ko kumurci, galibi wanda ya taka shi ko ya sa hannu a raminsa yake sara, saboda haka a dubi inda za a sa ƙafa, a kakkaɓe takalmi da safe. In ƙaddara ta faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da agogo, a kafe gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauki mutumin zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci wajen mai maganin gargajiya ba. Layin ƙwarƙwasa a tsallake shi da sauri, kada a kafa tanti kusa da shi. Karara kuma, mai kwanso da gashi ruwan zinariya, kada a bari ta taɓa fata. Da dare a duba jiki a cire kaska.

Fasali na bakwai: zango, ibada da haƙƙin mutane

A kafa zango a kan tudu, nesa da bakin ruwa da turbar dabbobi, a share ciyawa kewaye da murhu, a yi wuta da busassun ƙiraren da suka faɗi, a kashe ta da ruwa har toka ta huce, domin a rani tartsatsi ɗaya yana cinye dutse guda. Mai biyan bukata ya nisanci ruwa, ya haƙa rami ya binne, kuma leda da gwangwani da batir duk a fito da su. Farauta, da saran itace, da cin zuma da wuta, duk haramun ne a dokar gandu, kuma ɓarna ce a cikin amanar da aka ba ɗan Adam.

Alƙibla a wannan yanki gabas maso arewa take, kuma tun da yake a hunturu rana tana fitowa ta gabas maso kudu, mai salla ya karkata sosai zuwa hagun mafitarta. Wanda tafiyarsa ta kai mil 48, bisa mazhabar Malikiyya, yana da rangwamen ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya ba, kuma taimama ta halatta ga wanda ruwansa bai wuce na sha ba. Tafsilin waɗannan mas'aloli a nemo shi wurin malamai tun a gida.

A cikin gandun akwai ƙauyuka da rugage da doka ta bar wa mazaunansu, irin su Selbe da Filinga. In an isa, a fara gai da jauro ko arɗo, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, a sayi nono da masara da farashin da ya dace. 'Yan dako kuwa a yi ciniki da su a fili tun kafin tashi, a ciyar da su daga abin da ake ci, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Kammalawa

Idan Allah ya fito da ayari, sai a koma ofishi a shaida cewa an fito, a sallami jagora da 'yan dako da haƙƙinsu da ɗan alheri, a gaya wa ma'aikata in an ga tarko ko sabon kututturen sara. A wanke keke, a shafa wa sarƙa mai, a sauya takalmin birki in ya cinye. Wanda kuma zazzaɓi ya kama shi a cikin makonnin da suka biyo baya, ya gaggauta zuwa asibiti, ya faɗa wa likita dajin da ya shiga da ƙwarin da suka cije shi, domin sanin haka yana taimakawa wajen gane cutar. Allah ya kai mai niyya lafiya, ya komo da shi lafiya, amin.